TSORON ALLAH A FATAUCIN MOTOCIN HANNU

Godiya da yabo sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa bayinsa abin hawa a tudu da ruwa, Ya buɗe musu ƙofofin neman halali, Ya hana su cin dukiyar juna da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci zuwa Sham tun kafin a aiko shi, mutanen Makka suka shaide shi da amana, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah a ɓoye da bayyane, a masallaci da kasuwa.

Samari da magidanta da yawa a Maradi, Damagaram, Tawa, Ƙonni da Yamai suna da burin tara ɗan jari su shiga fataucin motocin hannu, su sayo mota ɗaya ko biyu daga waje su sayar, su juya kuɗin har Allah Ya ɗaukaka su. Wannan buri ne mai kyau. Lokacin da Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi, ya yi hijira zuwa Madina ba shi da kome, ɗan uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Wanda ya zaɓi kasuwa a kan roƙo da zaman jiran na wani, to ya bi sawun magabata na ƙwarai.

Sana'ar ba ƙarama ba ce. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. Shekaru da dama hanyar da aka fi sani ita ce a loda mota a tashar jiragen ruwa ta Anvers a ƙasar Beljik, a sauke ta a Kwatano, a biyo da ita ta Paraku da Malanbil, a ƙetare gadar Gaya, tafiyar sama da kilomita 1000 kafin a kai Yamai. Fataken wannan hanya sun ga jarrabawa iri-iri. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi, farashin kayan Turai ya ninka a kwana ɗaya. Daga farkon 2017 Nijeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokinta na ƙasa. A 2023 aka rufe gadar Gaya, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin ɗauko ya ƙaru. Duk waɗannan ba a hannun falke suke ba, nasa haƙuri ne da tawakkali. Abin da za mu yi magana a kansa shi ne wanda ke hannunsa, wanda kuma Allah zai tambaye shi a kai.

Ku sani, ya ku bayin Allah, mota ta hannu haja ce da cikinta ya fi wajenta muhimmanci. Mai sayen gero yana sa hannu cikin buhu ya gani. Mai sayen rago yana buɗe bakinsa ya dubi haƙora. Amma mai sayen mota fenti yake gani, da kujeru, da lambar da agogon tafiya ya nuna masa. Abin da ke cikin inji da giya da birki, mai sayarwa ya fi shi saninsa. Saboda haka duk wanda ya shiga wannan sana'a ya shiga riƙon amana, kuma albarkar cinikinsa tana rataye ne ga abin da ya bayyana da abin da ya ɓoye.

Ilimi kafin jari

An ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya kasance yana hana wanda bai fahimci hukuncin addini ba sayarwa a kasuwar Musulmi. Malamai sun tabbatar cewa bai halatta ga baligi ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Babin ciniki yana nan a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidi, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, yana nan kuma a Muhtasar na Halilu. Abin mamaki ne mutum ya yi wata guda yana tambayar farashin Toyota a Kwatano da Lome, amma bai zauna gaban malami yini ɗaya ya tambayi abin da ke ɓata ciniki ba. Haka nan ya wajaba ya san ita kanta hajar, ko ya riƙi makaniki amintacce ya biya shi ladarsa, domin wanda bai san aibi ba yaya zai bayyana shi?

Jarin da za a fara da shi

Mafi yawan masu farawa ba su da kuɗin mota cikakke. Nan ne ƙofar riba take buɗewa, wadda Allah Ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara, Ya kuma yi wa wanda ya ƙi barinta shelar yaƙi. Bashin da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne, ko daga banki ya fito ko daga aljihun maƙwabci.

Akwai wata siffa da ta yaɗu, mutane suna zaton halal ce. Saurayi ya je wa kawunsa ko wata gwaggonsa ya ce ta ba shi miliyan 3, kowane wata zai kawo mata jika 50, uwar kuɗinta kuma tana nan ba abin da zai taɓa ta. Wannan bashi ne da ya jawo amfani, ko da an kira shi haɗin gwiwa. Hanyar da shari'a ta buɗe ita ce ƙiradi: ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo aiki, a yanka rabon riba tun farko da kaso sananne, rabi ko sulusi, ba da adadin kuɗi ba. A ƙaddara an sayo mota da miliyan 3 har da kuɗin jirgi da duwan, aka sayar da ita miliyan 3 da jika 400, an kuwa yi sharaɗin rabi da rabi, to kowa ya ɗauki jika 200. In aka faɗi ba da sakacin mai aiki ba, hasarar kuɗi tana kan mai kuɗi, shi kuma mai aiki ya yi hasarar wahalarsa. In kuwa ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi, to shi zai biya.

Kuma a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Zumunci nawa ne ya yanke saboda an ji kunyar rubutu ranar bayar da kuɗi, aka zo aka yi rashin kunya ranar karɓa?

Sayen abin da ba a gani ba

Hausawa sun hana cinikin biri a sama, shari'a kuwa ta riga su, domin Manzon Allah (S.A.W.) ya hana cinikin garari, wato wanda ba a san ƙarshensa ba. Yau hoton mota yana zuwa cikin wayar salula daga Buruksel ko Dubai ko wurin gwanjo a Amurka. Mazhabar Malikiyya ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma da sharuɗɗa. Siffar ta zama cikakkiya: irin motar, shekararta, tafiyar da ta yi, halin injinta. In ta iso daidai da siffa ciniki ya tabbata, in ta saɓa mai saye yana da zaɓi. Ba a sharɗanta biyan kuɗi tun farko ga hajar da ke nesa wadda halinta ke iya sauyawa. Lamuninta kuma yana wuyan mai sayarwa har ta shiga hannun mai saye. Saboda haka falken da ya sayar wa mutum mota tana kan teku, ta lalace a hanya, ba shi da ikon cewa ƙaddarar mai saye ce.

Wannan dabam yake da wakilci. In mutum ya ba ka kuɗinsa ya ce ka sayo masa mota, kai wakili ne, amintacce. Ladarka ita ce wadda kuka yanka. In ka samo ta da rangwame, rangwamen nasa ne. Yuro ɗaya yana daidai da kusan sefa 656 tun 1999, lissafin ba ɓoyayye ba ne, kada ka ƙara a kan farashi ko kuɗin jirgi ka ce haka aka karɓa. Haka nan wanda ke yaɗa hotunan motocin da ba nasa ba yana karɓar kuɗi a kansu kamar shi ne mai su, ya tuna cewa Annabi (S.A.W.) ya hana Hakimu ɗan Hizamu sayar da abin da ba ya wurinsa. Ya fito fili ya ce shi dillali ne, ya ci la'adarsa halal.

Ɓoye aibi

Nan ne zuciyar maganarmu, ya ku Musulmi. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa mai albarka a ciki, yatsunsa suka ji danshi. Mutumin ya kawo uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya zarge shi a kan bai ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Ku lura, mutumin nan ba shi ya jiƙa abincin ba, laifinsa ɓoyewa. Haka falke ba shi ya tsufar da mota ba, ba shi ya yi haɗari da ita a Turai ba. Ba a hana shi sayar da tsohuwa ko mai rauni ba. Abin da aka hana shi shi ne ya sayar da ita da sunan lafiyayya.

Buhari da Muslim sun ruwaito hani a kan ɗaure hantsar raƙuma ko tunkiya kwanaki ba a tatsa ba, don mai saye ya ga hantsa cike ya yi zaton mai yawan nono ce. Shari'a ta ba wanda aka yaudara haka zaɓin ya riƙe dabbar ko ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. To mene ne bambancin wannan da mayar da agogon tafiya baya? Motar da ta ci kilomita 300.000 a taɓa agogonta ya nuna 120.000. Ai hantsar ce aka ɗaure. Da mai motar da wanda ya taɓa agogon don a biya shi, dukansu sun yi tarayya cikin zunubin.

Ire-iren wannan suna da yawa, masu sana'ar sun fi mu saninsu. Motar da ta yi mummunan haɗari har ƙashin bayanta ya karkace, a buge ta a shafe da fenti a ce ba ta taɓa ko ƙwarzane ba. Motar da ambaliya ta shanye a Amurka, kamfanin inshora ya yafe ta aka yi gwanjonta, a wanke ta a busar, alhali wayoyin lantarkinta suna ruɓewa a hankali. Injin da ke shan mai yana hayaƙi a zuba masa mai kauri don ya yi shiru ranar gwaji. Fitilar gargaɗi da ke kunne a gaban direba a cire ƙwanta. Jakar iska da ta riga ta fashe a rufe gurbinta babu kome ciki. Sabbin tayoyi da batir da motar ta zo da su a musanya da tsofaffi bayan an gama ciniki.

Waɗansu suna zaton sun kuɓuta in suka ce wa mai saye yadda ya gan ta haka aka sayar masa, ko su ce ai mota ta hannu ba ta rasa matsala. A mazhabarmu wannan ba ya wanke mutum daga aibin da ya sani. Wajibi ne ya ambaci aibin da sunansa, ya nuna wurinsa da girmansa, kada ya dunƙule magana. In mai saye ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa, wanda ke rage daraja, yana da haƙƙin mayar da haja ya karɓi kuɗinsa. Ko da ya rasa shaida a duniya, akwai ranar da za a bayyana asirai.

Kuma ku duba girman abin. Algus a cikin gero ciki yake ɓatawa, algus a cikin mota rai yake ɗauka. Motar da aka ɓoye lalacewar birkinta gobe ita ce taksi a Yamai, ko Hiace mai ɗaukar fasinja tsakanin Maradi da Damagaram, cike da mata da yara da tsofaffi masu zuwa asibiti. Wanda ya saye ta sau da yawa talaka ne da ya sayar da gona ko shanu, ko ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa, ko matar da mijinta ya rasu ta sa gādon marayu don motar ta ciyar da su. In ta tsaya bayan wata biyu, abincin gida guda ne ya tsaya. In ta kife da mutane saboda aibin da ka sani ka yi shiru, me za ka ce wa Ubangijinka? Jika 300 da ka ƙara samu za su tsaya maka a wannan rana?

Shaiɗan zai ce maka in ka faɗi gaskiya ba za ka sayar ba. Amsarsa tana cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Hakimu ɗan Hizamu, wanda ma'anarsa ke nuna cewa gaskiya da bayyanawa su ke jawo wa masu ciniki albarka, ƙarya da ɓoyewa kuma su ke shafe ta. Kowace mota tana da mai sayenta a kan farashinta na gaskiya. Wani makaniki ne, yana neman mai rauni da araha ya gyara. Garuruwanmu kuma ba su da girman da labari zai ɓace a cikinsu. Wanda aka cuta sau ɗaya zai gaya wa mutum goma, wanda aka yi wa gaskiya zai kawo ɗan uwansa da abokinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai ƙaramin jari ba shi da filin ajiye motoci ko allon talla, sunansa shi ne babban jarinsa.

Takardu da hanya

Mafi yawan motocin zamani suna da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma da ita ake iya binciken tarihin motoci da yawa ta intanet. Ƴan sandan duniya na Interpol suna da rajistar motocin sata, kuma an sha kama irinsu a tashoshin jiragen ruwa na Afirka ta Yamma. In ka ga mota mai tsada ana tayinta da arahar da hankali ba ya ɗauka, ko lambarta da alamar an taɓa, ka nisance ta. Kayan sata ba ya halatta don ya ƙetare teku, ba ya halatta kuma don mai shi ba Musulmi ba ne.

Haka rage shekarar mota ko darajarta a takarda, da shigo da ita da sunan mai wucewa zuwa wata ƙasa sannan a karkatar da ita, da ba da toshiya don a sa hannu. Aya ta 188 a Suratul Baƙara ta hana miƙa dukiya ga mahukunta don a ci haƙƙin mutane, hadisi kuma ya la'anci mai bayar da rashawa da mai karɓa. Ƙarshen abin a kan mai saye yake faɗawa, ranar da aka tsayar da shi a hanya aka ce takardunsa na jabu ne. Muna kuma tunatar da ma'aikatan da Allah Ya ɗora a kan iyakoki da shingaye cewa wahalar da falke don ya miƙa wani abu zalunci ne, kuma su ma za a tsayar da su.

Dillali da rantsuwa

Dillanci halal ne in la'ada sananniya ce. Amma dillalin da mai mota ya ce masa miliyan 4, ya je ya ce wa mai saye miliyan 4 da rabi mai ita ya yanka, ya yi ƙarya ya ci haram. Haka waɗanda ke taruwa gefen mota suna taya ta da tsada alhali ba saye za su yi ba, don su zuga baƙo. Wannan shi ne najashu da Annabi (S.A.W.) ya hana. Wanda ya ce zai sayar bisa uwar kuɗi da riba sananniya, wajibi ne ya faɗi uwar kuɗin ta gaskiya. In ba ya son faɗi, ya yanka farashinsa kawai, wannan ya halatta. Ku kiyayi yawan rantsuwa, domin hadisi ya nuna tana tafiyar da haja tana kuma share albarka. Sunan Allah ya fi ƙarfin a yi tallar tsohuwar mota da shi.

Sayarwa bashi da farashin da ya ɗara na hannu ya halatta in an yanke kuɗi ɗaya da lokaci sananne tun wurin ƙulla ciniki. Amma in lokaci ya yi mai saye ya gaza, ba a ƙara masa ko dala saboda jinkiri. Kafin alƙalamin da ake cinyewa in mai saye ya fasa, Imamu Malik bai halatta shi ba, a mayar wa mutum kuɗinsa.

Haƙƙin Allah a cikin dukiya

Motocin da aka saya don sayarwa kayan kasuwanci ne, akwai zakka a kansu. Falken da ke juya hajarsa yana sayarwa da farashin kasuwa, shi ne malamanmu ke kira mudiri: ya sa wata ɗaya a shekara, ya ƙiyasta motocinsa da farashin ranar, ya haɗa da kuɗin hannunsa da bashin da yake sa ran karɓa, ya cire bashin da ake bin sa. In abin ya kai nisabi, wato kimar zinariya giram 85, ya fitar da kashi 2,5 cikin 100. Mai miliyan 10 zai fitar da jika 250. Motar hawansa kuwa babu zakka a kanta. Kuma kada jiran mai saye ya hana ku salla. Suratul Jumu'a ta umarci a bar ciniki in an yi kiran sallar Juma'a, ta kuma yi izinin komawa neman falalar Allah bayan an idar.

Ya ku ƴan uwa, wanda ya san ya taɓa sayar wa wani mota bisa yaudara, ƙofar tuba a buɗe take, amma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Ya nemi mutumin ya mayar masa da bambancin kuɗin ko ya roƙi yafewarsa. In ya rasu ya nemi magadansa. In kuwa aibin mai iya kisa ne kuma motar tana kan hanya har yanzu, to ya sanar da mai ita yau, kada ya jira gobe. Wanda kuma ke shirin farawa, ya fara da mota ɗaya ta halal, ya rubuta aibinta a takarda ya miƙa wa mai saye tare da makulli.

Ya Allah Ka wadata mu da halalinKa ga barin haramunKa. Ka sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu. Ka buɗa wa samarinmu hanyoyin sana'a, Ka tsare matafiyanmu a kan hanya, Ka biya wa masu bashi bashinsu. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ka zaunar da ƙasarmu da sauran ƙasashen Musulmi lafiya, Ka sa mu cika da imani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.